Ina Ruwan Damina Ke Tafiya? Fashin Baƙi Kan Musayar Ruwa da Zafi Tsakanin Ƙasa, Tsiro da Sama a Sahel

A ce an kwana ana ruwa a kan wata gonar gero da ke jigawa, gari ya waye ma'auni ya nuna milimita 30. A hekta guda, lita 300,000 ke nan suka sauka. Ka koma gonar bayan kwana uku, za ka tarar saman yashin ya bushe ƙayau kamar ba a yi ba. Tambayi mai gonar ina ruwan ya shiga, zai ce maka ƙasa ta shanye. Ta sha kam, amma ba duka ba. Wani ya gangara kwari tun a daren. Wani ya nutse ya wuce inda saiwar gero ke kaiwa. Wani geron ya zuƙa ya fitar ta ganye. Wani kuma rana ta ɗauke shi daga kan yashi ta mayar sama bai yi wa shuka aikin komai ba, kuma sau da yawa wannan kason na ƙarshe shi ya fi tsoka. Johan Rockström, ɗan ƙasar Suwidin da ya yi binciken digirinsa na uku a gonakin gero na Nijar a shekarun 1990, ya ƙiyasta cewa a irin waɗannan gonaki kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan damina ta haka yake salwanta, abin da ke bi ta jikin shuka kuwa tsakanin kashi 15 ne zuwa 30.

Wannan rabo shi wasu manhajojin kwamfuta ke ƙoƙarin kwaikwaya da lissafi. Duk hasashen yanayin da ka ji a rediyo, na gobe ne ko na damina mai zuwa ko na shekara hamsin nan gaba, a gindinsa akwai irin wannan manhaja, aikinta ta faɗa wa ɓangaren da ke lissafin iska yawan zafi da yawan tururin da ƙasa ta miƙa sama. In ta yi kure a ƙasa, kuren sama yake hawa. Kuma inda ta fi yin kure shi ne ƙasashe masu ƙarancin ruwa irin namu.

Lissafi biyu da suka haɗu a tururi

Lissafin farko na ruwa ne, kuma ba shi da wuyar faɗa: duk abin da ya sauka, ko dai ya gudu a kan ƙasa, ko ya nutse can ciki, ko ya koma sama, ko yana nan a ajiye a matsayin danshi. Na biyu na zafi ne. Da tsakar rana, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a Sahel kan kai wat 1,000 (wat ma'aunin ƙarfin makamashi ne). Ƙasa na mayar da wani kaso sama nan take. Farin rairayin Sahara na mayar da kashi 35 zuwa 40, fili mai ɗanyar ciyawa kuwa kashi 20 ko ƙasa da haka. Sannan ƙasa na fitar da nata ɗumin da ido ba ya gani, dare da rana. Abin da ya saura bayan an cire waɗannan, hanya uku gare shi: ya shiga ƙasa ya ɗumama ta, ya ɗumama iskar da ke kanta, ko ya mayar da ruwa tururi.

Ta ukun nan ita ta ɗaure lissafin biyu wuri guda. Ruwa ba ya zama tururi a kyauta, kowace lita sai ta ci kusan megajul 2.45 na zafi (megajul ma'aunin yawan makamashi ne). Duk wanda ya sha ruwan randa a bazara ya san abin ko da bai san lambar ba: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Idan murabba'in mita na gona ya sami megajul 12 a yini, kuma duka ya tafi wajen busar da ruwa, kusan milimita 5 za su tashi, wato lita 50,000 a hekta, iskar wurin ta yi sanyi ta yi laima. Idan babu ruwan busarwa, zafin ba ya ɓacewa, iska yake shiga. Shi ya sa a watan Afrilu yashi kan haura digiri 60, iska mai zafi ta yi ta tashi tana juyawa har tsayin kilomita uku ko huɗu.

A ƙasa irin Ingila, rana ce ke iyakance tururi, domin ruwa na nan kusan kullum. A Yamai ruwan shekara a matsakaici bai kai milimita 600 ba, alhali rana da iskar wurin za su iya kwashe fiye da 2,000 in sun samu. Don haka a nan ba ƙarfin rana ake tambaya ba. Ana tambayar ina ruwan yake, a wane zurfi, kuma wa ke iya kaiwa gare shi.

Daga bokiti zuwa ganye guda

A 1969 Syukuro Manabe, ɗan Japan da ke aiki a Amurka, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2021, ya sa ƙasa a cikin manhajarsa ta yanayin duniya. Ya ɗauki kowane yanki na tudu a matsayin bokiti mai cin ruwa milimita 150, kuma da sunan bokitin aka san tsarin har yau. Ruwa ya sauka, bokiti ya cika, rarar ta zube ta zama kogi. Tururi kuma na raguwa gwargwadon yadda ruwan ciki ke raguwa. Ba saiwa, ba ganye, ba bambanci tsakanin laka da jigawa. Kwamfutar wancan zamani ba ta iya ɗaukar fiye da haka.

Tun kafin nan Howard Penman ya fitar da lissafin tururi a 1948, John Monteith ya ƙara masa tsiro a 1965. Ganye na da ƙananan ƙofofi da yake buɗewa ya shaƙi iskar kabon, ta nan ruwa ke fita, in ƙishi ya tsananta kuma ya tsuke su. Lissafin ya ɗauki gona gaba ɗaya a matsayin ganye guda mai faɗi da ya lulluɓe ƙasa. A shekarun 1980 aka haɗa waɗannan cikin manhajoji irin su BATS da SiB a Amurka da ISBA ta hukumar yanayin Faransa, aka kuma raba ƙasa hawa-hawa, ruwa na sauka daga hawa zuwa hawa bisa lissafin da Lorenzo Richards ya fitar a 1931. Na yau su ne irin JULES ta Birtaniya, Noah da CLM na Amurka, da ORCHIDEE ta Faransa. Dukansu na yanka duniya murabba'i-murabba'i, su maimaita lissafin nan biyu a kowane murabba'i duk bayan 'yan mintoci. Yawancin lambobin da aka fara cusa musu, irin na yadda ruwa ke ratsa yashi ko laka, daga ƙasar Amurka da Turai aka auno su.

Tuhumar da ta riga shaida

Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 shi ya jawo hankalin masu wannan lissafi zuwa Sahel. A 1975 Jule Charney na jami'ar MIT ya kawo wani bayani mai jan hankali. Ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa za ta yi fari ta riƙa mayar da haske da yawa; iskar da ke samanta ta yi asarar zafi ta riƙa saukowa; iska mai saukowa ba ta haɗa hadari; ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, abu ya yi ta cin kansa. Shi da abokan aikinsa suka gwada a manhaja, suka ɗaga hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 zuwa 35, sai ruwan sama ya faɗi da kusan kashi 40.

Shekara biyu bayan haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taron kwararowar hamada a Nairobi, kuma maganar da ta zauna a kunnuwan mutane ita ce makiyayi da manomi su suka jawo wa kansu fari. Charney bai yi ƙarya ba a kan yadda abin ke iya faruwa. Amma tsallen da ya yi daga 14 zuwa 35 zaɓinsa ne don gwaji, kuma awon tauraron ɗan'adam na baya bai nuna canji mai girman haka ba. A 1986 Chris Folland da abokansa a Birtaniya suka nuna cewa ruwan Sahel na bin bambancin zafin teku tsakanin arewacin duniya da kudancinta. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ba wata manhaja tarihin zafin tekuna kaɗai, ba su taɓa ciyawa ko daji ba, sai ga babban ɓangaren farin ya bayyana. Wasu binciken sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, da ya sanyaya arewacin Atlantika, yana da hannu. Matsayar da akasarin masana ke kai a yau ita ce teku ke tayar da maganar, ƙasa da tsiro kuma su ƙara mata ƙarfi. A ganina wannan shi ne babban gargaɗin da tarihin fannin ya bari: lambar da aka zaɓa don gwaji ta fito daga kwamfuta ta zama hukunci a kan Bafulatani da shanunsa, tun ba a je an auna ba.

Da aka je aka auna

An fara da ƙaramin aiki a Sadore, tashar cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kudu da Yamai, daga 1988 zuwa 1990. Sai babban, HAPEX-Sahel, a 1992. Aka zaɓi murabba'i guda a taswira, tsakanin digiri 13 da 14 arewa da digiri 2 da 3 gabas, kimanin kilomita 110 kowane gefe, Yamai na cikinsa ta yamma. Aka baza ma'aunan ruwa kusan 100, aka kafa hasumiyoyin ƙarfe a gonakin gero da saura da daji, jiragen sama na shawagi suna awo daga watan Agusta zuwa Oktoba. A kan kowace hasumiya akwai na'urar da ke auna motsin iska sama da ƙasa sau 10 zuwa 20 a sakan ɗaya, tare da zafinta da tururin da ke cikinta; daga nan ake lissafa abin da ƙasa ke miƙawa sama. Na'urar ma ba ta cika cif ba, domin a ko'ina a duniya in aka tara abin da ta auna, sai a ga kashi 10 zuwa 30 na zafin bai fito a lissafi ba. Daga baya shirin AMMA ya zo, wanda babbar shekararsa ita ce 2006, ya bar tashoshin dindindin a wuri uku daga arewa zuwa kudu: Gurma a Mali, Fakara a gabashin Yamai inda ƙauyukan Wankama da Banizumbu suke, da yankin Jugu a arewacin Benin.

Abu na farko da ma'aunan suka tabbatar, manomi ya riga ya sani: a yi ruwa a wannan ƙauye, na gaba ko ɗigo. A cikin murabba'in nan ɗaya, a damina ɗaya, wurin da ya fi samu kan sami kusan ninki biyu na wurin da ya fi rashi. Kusan kashi 90 na ruwan Sahel daga 'yan manyan hadura yake zuwa, waɗanda ke tasowa daga gabas da iska da ƙura a gaba, su zazzage cikin ɗan lokaci su wuce. To dubi abin da matsakaici ke yi wa irin wannan. Hadari ya zuba milimita 40 cikin sa'a guda a kan rubu'in murabba'i. Manhaja ta raba shi daidai, ko'ina ya sami 10, ta kuma shimfiɗa shi a sa'o'i kamar yayyafi. A ƙasa ƙoramu sun kawo, tafki ya cika, sauran wurare na nan a bushe. A kwamfuta babu abin da ya gudu, ko'ina ya ɗan jiƙe, gobe rana ta kwashe. Jimillar ruwa ɗaya ce, labarin kuwa ya sha bamban.

Shi ma ganye guda bai yi aiki ba. Geron manomi rami-rami yake, tsakanin wannan da wancan taku ne ko fiye, rana na dukan yashi kai tsaye har tsakiyar damina. Ganye na iya zama a digiri 35 yashin gindinsa na 55, kuma zafin da ke tashi daga yashin na ƙara wa ganyen ƙishi. Dole a yi wa kowanne lissafinsa sannan a haɗa, hanyar da Jim Shuttleworth da Jim Wallace suka buɗe a 1985. Shi kansa yashin yana da tasa dabi'a. Washegarin ruwa tururi na tashi da ƙarfi, amma cikin kwana biyu zuwa uku sai 'yan santimitocin sama su bushe su zama murfi. Daga nan ruwan ciki ba ya iya hawowa sai a matsayin tururi ta tsakanin ƙwayoyin yashi, tafiya mai nawa ƙwarai. Manhajar da hawanta na sama ke da kaurin santimita 10 ba ta ganin murfin, sai ta yi ta busar da ruwan da a zahiri yana nan yana jiran saiwa.

Ɓawon da ya juya lissafi

Amma duk cikinsu babu wanda ya kai ɓawon ƙasa. Ɗigon ruwan hadari na faɗowa da ƙarfi, ya farfasa dunƙulen ƙasar da ba ta da rufi, ƙananan ƙwayoyi su toshe ƙofofi, in ta bushe sai ta yi ɓawo wanda kaurinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa kaɗan ba. Shi ne fuskar faƙo. A ƙarƙashinsa ƙila yashi ne da zai shanye kowane irin ruwa, amma ƙofa a rufe take. Alain Casenave da Christian Valentin, masanan Faransa da suka yi ta gwaji da ruwan sama na inji a ƙasashen Sahel, sun nuna a 1989 cewa a wannan yanki yanayin fuskar ƙasa ya fi abin da ke ƙarƙashi iko a kan yawan ruwan da zai shiga. Taswirar ƙasa da ake ba manhaja kuwa cewa kawai take yi nan yashi ne.

Wannan ɓawo shi ya warware wani abin ɗaure kai. A shekarun farin 1970 da 1980, kowa ya ɗauka koguna da rijiyoyi za su ja baya, kuma a kudu haka aka yi. A Sahel sai aka ga akasi. Jean Albergel ya lura a 1987 cewa ƙananan kogunan Burkina Faso sun fi kawo ruwa a shekarun fari. A gabashin Yamai, Christian Leduc da Guillaume Favreau suka bi tarihin rijiyoyi, suka tarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali daga 1970 zuwa 1998 ruwan sama ya gaza da fiye da kashi 20. Ruwa dai ba ya tsami banza. Hotunan jirgin sama sun nuna cewa tsakanin 1950 da 1992 an share kusan kashi 80 na dajin yankin, don gona da itacen girki. Ƙasa ta yi ɓawo, ruwan da da ke shiga inda ya faɗi sai ya koma gudu, kwazazzabai suka ninku. Yankin kuma ba shi da mafita zuwa kogi, kowace ƙorama a tafki take ƙarewa, ta gindin tafkin nan ruwa ke zarcewa ƙasa ya iske na rijiya. Favreau ya ƙiyasta cewa abin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa ya tashi daga kimanin milimita 2 a shekara zuwa kimanin 25.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan albishir ne. Ruwan da rijiya ta samu, gona aka ƙwace wa. Inda kuma ƙoramu ke da mafita, ambaliya ce. Kogin Kwara a Yamai sau biyu yake cika: na sanyin hunturu mai zuwa daga tsaunukan Gini, da jan ruwa na Agusta da Satumba da Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga faƙon Burkina Faso da yammacin Nijar. Jan ruwan ne ya riƙa girma har ya ci unguwanni a 2012 da 2020.

Galibin manhajojin nan a tsaye suke lissafi, daga sama zuwa ƙasa, murabba'i ba ya ba maƙwabcinsa ruwa, wani gefe na murabba'i ba ya ba wani. Abin da ya gudu an cire shi ke nan. Dajin da ke kan tuddan marmara na kewayen Yamai kuwa da wannan gudun yake rayuwa. Daga sama ratsi-ratsi yake, layin geza da sabara, sai layin faƙo tsirara, sai wani layin kurmi. Gangaren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ya isa ruwan da faƙo ya ƙi sha ya gangaro cikin kurmin, wanda kan sha ninki biyu ko fiye na abin da sama ta ba shi. In ka ɗauki matsakaici ka ce rabi itace rabi fili, lissafinka zai ce daji ba zai rayu a nan ba. Manoman Illela a jihar Tawa, da suka je yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989 suka ga ramukan mutanen can suka dawo suka inganta tassa, wannan dabarar suka kama: a fasa ɓawo a wuri ɗaya, a zuba taki gara ta huda ƙasa, faƙon kewaye ya riƙa turo ruwa.

A Wankama, Cécile Velluet da abokanta sun daidaita manhajar SiSPAT da awon shekara bakwai a saura da gonar gero da ke kusa da juna, suka fitar da sakamako a 2014. Fiye da kashi 80 na ruwan sama na komawa sama a matsayin tururi a duka biyun, amma saura ta fi gero sha, a ƙarƙashin gero kuma ruwa ya fi zarcewa ƙasa. Dalili saiwa ce. Manhajoji da yawa ƙasarsu a mita 2 ko 3 take ƙarewa, kuma sun ɗauka ganye ruwan sama yake bi. Gawo ya saɓa wa duka biyun: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar, kuma a Senegal an tarar da saiwarsa a zurfin da ya haura mita 30. Ita sabara da dare takan jawo ruwa daga ƙasa ta saki kaɗan a busasshen yashin sama. A 2018 masu bincike a Senegal suka ba saiwarta ruwa mai alama, suka same shi a jikin geron da ke kusa. Ga kuma yawan itatuwan. A Maraɗi da Damagaram an ƙiyasta manoma sun raya itace kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 ta hanyar barin toho, sannan a 2020 Martin Brandt da abokansa suka ƙirga itace biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel daga hotunan tauraro. A taswirar da manhaja ke karantawa, yawancin wuraren nan gona ce ko fili.

Ƙasa na da ta cewa a kan hadari

A 2004 Randal Koster na NASA ya jagoranci gwajin manhajoji goma sha biyu don gano inda danshin ƙasa ya fi tasiri a kan ruwan sama. Sahel ta fito cikin 'yan wuraren da ke kan gaba, tare da tsakiyar ƙasar Amurka da Indiya. Sai dai manhajojin sun yi hannun riga da juna a kan girman tasirin.

Abin da hankali ke fara bayarwa shi ne jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi ba da tururi, don haka a kanta hadari zai haɗu. Chris Taylor na Birtaniya ya bi haihuwar hadura kusan 4,000 a Sahel ta hotunan tauraro daga 2006 zuwa 2010, ya ga ba haka ba ne. Inda aka yi ruwa jiya iska na da sanyi, busasshen wurin da ke gefe na da zafi. Iska mai sanyi da laima ta kwararo zuwa ga mai zafi, su yi karo, dole iska ta tashi sama, a nan gajimare ke fara toho, ta ɓangaren busasshen. Facin da faɗinsa ke tsakanin kilomita 10 zuwa 40 ya fi yin wannan aiki, kuma hadari ɗaya cikin takwas ta haka yake farawa. A 2012 ya faɗaɗa binciken zuwa duniya, sakamakon ya zo ɗaya: ruwan la'asar ya fi faɗa wa wurin da ya fi kewayensa bushewa. Manyan manhajoji shida da ya gwada duk akasin haka suka nuna, a wajensu inda ya jiƙe nan ake ƙara wa ruwa. Illar ba ƙarama ba ce. Manhajar da ke hana busasshe ruwa za ta riƙa tsawaita fari fiye da yadda yake a zahiri.

Laifin a nan ba na ɓangaren ƙasa ne kaɗai ba. Murabba'in da ya kai kilomita 25 ko 100 ba ya iya ƙunsar hadari, sai dai a yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasin na saurin sakin ruwa da tsakar rana, kaɗan-kaɗan, kusan kullum. Hukumar yanayin Birtaniya ta gwada Afirka gaba ɗaya da murabba'in kilomita 4.5, ƙanƙantar da ke barin hadari ya haɗu da kansa a cikin lissafi. Sakamakon da Elizabeth Kendon da abokanta suka fitar a 2019 ya nuna cewa in duniya ta ci gaba da ɗumama, ruwa mai ƙarfi zai ƙaru fiye da yadda manhajar kilomita 25 ta nuna, kuma a yammaci da tsakiyar Afirka tsaikon ruwa a tsakiyar damina zai ƙara tsawo. Tun a 2017 Taylor ya nuna cewa hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Ruwa mai ƙarfi a kan ɓawo, sannan tsaiko mai tsawo: manomin gero ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ke biyo baya.

Taurarin SMOS na Turai, da aka harba a 2009, da SMAP na Amurka a 2015, suna auna danshin ƙasa daga sama, kuma cibiyoyin yanayi irin su AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai na amfani da bayanan tauraro wajen bin diddigin damina. Amma idonsu bai wuce santimita 5 na sama ba, kuma ɗigo ɗaya a hotonsu ya kai kilomita 40. Su ma da awon ƙasa ake gyara su, ciki har da na Wankama da Jugu. Hasumiyoyin awo a Afirka kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da Turai ko Amurka, kuma amfaninsu na daɗewa ne, domin sai awo ya ratsa shekarun fari da na wadata kafin ya iya kama manhaja da kure. Tashoshin Gurma sun tsaya cik bayan rikicin arewacin Mali, aka mayar da wani ɓangaren aikin Dahra da Niakhar a Senegal, inda ɗaya daga cikin hasumiyoyin ke tsaye a tsakiyar gonakin gawo tana auna abin da itacen ke sha da rani.